Ƴata mai shekara shida ta nace sai ta yi hira da ChatGPT, in bar ta?

Tambaya: Wani magidanci daga unguwar Birni, nan Damagaram, ya aiko da wannan: "Malam, ƴata shekararta shida, bana ta shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare. Ta ga ina magana da ChatGPT a salula yana amsa mini da murya, tun daga ranar ta hana ni sakat. In sa ya zana mata doki, in sa ya yi mata tatsuniya. Jiya har ta tambaye ni ko mutum ne a ciki ko aljani. Uwarta ta ce in raba ta da abin gaba ɗaya. Ni kuma ina ganin zamaninsu ne, gara ta sani da wuri. Wanne ne daidai?"

Amsa: Malam, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Na riƙe ƙananan azuzuwa kafin in koma koyar da kwamfuta, don haka da idon malamin yara zan duba maka maganar.

In dole sai na zaɓa tsakaninka da maiɗakinka, maganarta ta fi taka nauyi. Zancen "gara ta sani da wuri" yana aiki a kan abin da ke da wuyar koyo, kamar karatu, ko lissafi, ko haddar Alƙur'ani, waɗanda in an makara ana shan wahala. ChatGPT ba ya cikinsu. Duk wanda ya iya magana ya iya amfani da shi cikin yini guda, kuma wanda ƴarka za ta tarar in ta girma ba zai yi kama da na yau ba. Shi kansa sai a ƙarshen watan Nuwamba na 2022 ya fito, ka duba yadda ya sake kama daga lokacin zuwa yanzu. Babu wani tsere da za a bar ta a baya. Sai dai kuma ta riga ta gani, kuma ko ka ɓoye naka za ta gan shi a wayar yayanta ko ta ƙanin uwarta. Saboda haka shawarata ita ce: kada ka taɓa miƙa mata wayar ka tashi, amma ka riƙa zama da ita jefi-jefi kuna duba abin tare, wayar tana hannunka, da wata manufa guda da zan bayyana maka.

Su kansu masu abin ba su yi shi don irinta ba. Dokar kamfanin OpenAI ta ce sai mai shekara 13, kuma wanda bai kai 18 ba sai da iznin iyaye. Claude, takwaransa na kamfanin Anthropic, sai 18. Hukumar UNESCO, a jagorar da ta fitar a watan Satumba na 2023, ta ba da shawarar a tsaya a shekara 13 kafin yaro ya yi amfani da irin wannan ƙirƙirarriyar basira a makaranta. Google ne a 2025 ya buɗe Gemini, nasa takwaran ChatGPT, ga ƴan ƙasa da 13, shi ma ta hannun iyaye, ta manhajar Family Link. Ke nan in ka zauna da ita, kai ne mai amfani da abin, ita ƴar kallo ce mai ba da shawara.

Tambayar da ta yi maka jiya ita ce mafi muhimmanci a duk wasiƙarka, kuma ba za ka iya amsa mata ba sai kai ka san abin da ke ciki. An tara rubutu mai yawan gaske, na littattafai da jaridu da shafukan intanet, aka sa manyan kwamfutoci suna bi ta kansa suna wasa ɗaya tak: a ɓoye kalmar da ke gaba, su canka, in sun kuskure a gyara musu lissafi, a sake. An maimaita wannan har abin ya ƙware wajen sanin wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Daga baya aka ɗauki mutane suna duba amsoshinsa suna zaɓar wadda ta fi daɗi da amfani, aka ƙara saita shi a kan haka. In ka yi masa tambaya, jera maka kalmomi yake yi ɗaya bayan ɗaya bisa wannan ƙwarewa. Sau da yawa jerin yakan faɗa kan gaskiya, domin gaskiyar tana cikin rubutun da ya koya. Inda kuma bai sami isasshen rubutu ba, yakan ci gaba da jerawa da murya ɗaya, da natsuwa ɗaya, kamar ya sani. Kai Badamagare ne, ka san wasan kara: yaro ya naɗa rawani, ya hau dokin kara, dogarai na gefe, ana yi masa kirari, tafiyar da maganar duk sak ta sarki. Amma ba wanda zai kai masa shari'ar gona. Abin da ke cikin wayarka gwanin kwaikwayon maganar masu sani ne.

Ita kuwa ba sai ka yi mata dogon bayani ba. Ka ce mata: "Ba mutum ba ne, ba aljani ba ne. Mutane ne suka ƙera shi, kamar yadda suka ƙera mota. An karanta masa maganganun mutane da yawa, shi ya sa ya iya jera magana. Ba ya ganinki, ba ya jin yunwa, ba ya barci, kuma yakan faɗi abin da ba haka ba." Za ta sake tambaya gobe, da jibi. Ka maimaita mata amsar kamar yadda take, kada ka sauya don wasa. Na san iyaye da kan ce wa yaro "zan gaya wa na cikin waya ya kama ka" don ya yi shiru. Don Allah kada a yi haka a gidanka.

Ba wauta ce ta sa ta tambaya ba. Tun a shekarun 1920 masanin tunanin yara Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa ƙananan yara sukan ɗauki abin da ke motsi a matsayin mai rai, shi ya sa yaro zai ce maka wata yana bin sa in yana tafiya da dare. To, ina ga abin da ke amsa sallama, ya kira sunanka, ya ce ya ji daɗin hira da kai? Manya ma ba su tsira ba. A 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya rubuta wata ƴar manhaja mai suna ELIZA, wadda ba ta iya komai ba sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa abin da hannunsa, ta fara hira da ita, can sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don su keɓe. Wannan babbar mace ce, kuma manhajar ba ta kai ko ƙurar ta yau ba. Saboda haka ka kula da bakinka a gabanta. Kada ka ce "abokinki", kada ka ce "yana gaishe ki". In za ka iya, ka rage amfani da muryar, ka riƙa rubutawa kana karanta mata da bakinka, domin muryar ce ta fi ruɗar yaro.

Yanzu ga manufar zaman. Abu ɗaya da yarinya mai shekara shida za ta iya koya daga wannan abu, wanda zai amfane ta har girma, shi ne cewa iya magana daban, gaskiya daban. Kuma mu nan Damagaram muna da wata dama da yaron Faransa ko Amurka ba shi da ita: abin ya fi yin kuskure daidai a kan abubuwan da ƴarka ta fi sani. Dalili kuwa a fili yake. Kusan rabin shafukan intanet da Ingilishi suke, Faransanci ma yana da kaso mai kauri, Hausa kuwa ɗan kaɗan ne duk da miliyoyin masu magana da ita. Ɗan abin da ke akwai ma yawancinsa labaran gidajen rediyo ne irin su BBC da DW da RFI da Muryar Amurka, da rubutun mutanen Kano da Kaduna. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma kwamfuta ba da doka take koyo ba, da yawan abin da aka rubuta take koyo. Hausar kasuwar Dole, da ta tsofaffin Zango, da ta matan da ke layin ruwa, kusan duk a baki take, ba ta shiga rubutu ba.

To, sai ku mai da ita alƙali. Ka ce mata ta kawo tambayar da ta riga ta san amsarta. Kacici-kacici ya fi komai daɗi a nan. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wani lokaci zai canka tsintsiya da hayaƙi daidai, domin sanannu ne, an rubuta su. Ku matsa zuwa wanda ta ji a bakin kakarta, ka ga yadda zai ƙago amsa ya kawo hujja mai tsawo a kanta. Ko ku yi masa lissafin kuɗin sefa da take zuwa aike da shi: an ba ta jika ɗaya, ta sayi ƙosai na dala ashirin, nawa ne canjinta? Kada ka yi mamaki in ya ɗauka dalar Amurka ake nufi, ko ya koma yi muku lissafi da naira. Ku tambaye shi me ake gani in an tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, alhali ita tana wucewa ta wurin kullum. Duk lokacin da ya amsa, ka dakata ka tambaye ta: "Haka ne?" In ta ce a'a, ka ce: "Ta yaya kika sani?" Za ta ce ta gani da idonta, ko Inna ta faɗa mata. Wannan amsar ita ce darasin gaba ɗaya. In kuma ya faɗi daidai, ka yarda ya faɗi daidai, kada ka mai da shi abin raini, domin yakan yi daidai sau da yawa, kuma ba ƙiyayya kake son koya mata ba, tantancewa ce.

Kai ma ka yi naka gwajin a gabanta. Tarihin garin nan ka san manyan gaɓoɓinsa: Sarki Tanimun da ganuwarsa, kashe hafsan sojan Faransa Cazemajou a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, shigowar Faransawa a 1899, da yadda garin ya riƙe hedikwatar mulkin mallaka har aka mai da ita Yamai a 1926. Irin waɗannan yakan same su, domin Turawa sun rubuta. Amma ka nemi jerin sarakuna da shekarunsu, ko asalin sunan wata unguwa, a nan ne yake fara cakuɗa gaskiya da ƙage. Bari ta ji ka ce: "Wannan ban yarda ba, sai na tambayi Baba Alhaji." Yaro da abin da ya ga babba yana yi yake koyo, fiye da abin da aka ce masa ya yi.

Zane kuma, ƙa'idata ɗaya ce: ita ta fara. Ta ɗauki fensir ko alli ta zana dokinta, sannan ta faɗa maka da baki abin da take so a gani, launinsa, da wanda ke kansa, da inda yake tsaye, kai ka rubuta. Wannan faɗar da baki ita ce ribar, domin tana tilasta mata ta nemo kalmomi ta tsara su. In hoton ya fito ku ajiye shi gefen nata ku duba. Za ku ga rawanin ba irin namu ba ne, gidan ya yi kama da na wata ƙasa, babu manyan duwatsun nan da suka kewaye Birni, wani lokaci ma ƙafar dokin ko yatsun mahayin ba su cika daidai ba. Abin da nake tsoro shi ne a juya tsarin: yaron da ya saba yana faɗin kalma uku hoto mai ƙyalli ya fito, sai ya dubi nasa zanen ya ga bai kai ba, ya ajiye fensir. A ajin CI kuwa hannun da ke zane shi ne hannun da ke koyon rubutu.

Tatsuniya ce inda zan fi ja maka kunne. Zai yi mata, kuma cikin daƙiƙa kaɗan. Amma ka saurara da kyau, za ka ji labarin Turawa ne aka sa wa sunayen Hausa: yarinya ta shiga daji, ta haɗu da dabba mai kirki, kowa ya koyi darasi, aka rabu lafiya. Gizonsa ba shi da tsamin baki, ba shi da haɗama ta gaske, Ƙoƙi ba ta da haushi, babu waƙar da ake rerawa a tsakiya yara su amsa. Ko da ya iya duk wannan, akwai abin da ba zai taɓa yi ba. In tsohuwa ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara suka ce "ta zo mu ji ta", tana kallon fuskokinsu. Ta ga wadda ta tsorata sai ta sassauta, ta ga wanda ya yi rashin kunya da rana sai ta saka halinsa a jikin kura, ta tsaya a tsakiya ta ce "sai me ya faru?" don ta ji ko suna biye. Masu binciken yadda harshe ke tsira a bakin yaro sun daɗe da gano cewa wannan kai-da-komo tsakanin yaro da babban da ya san shi, shi ne ke gina magana da tunani, ba yawan kalmomin da suka wuce ta kunnensa ba. In kana da tsohuwa a gida ko a maƙwabta, kana da abin da ya fi wayar nesa ba kusa ba. In kuma kuna son wasan labari da abin, to ita ta ƙago farkon, shi ya kawo shawara biyu kan abin da zai biyo baya, ita ta zaɓa ko ta ƙi duka, sannan a kashe waya ta ƙarasa labarin da bakinta har ƙurunƙus.

Akwai wani hali nasa da bai dace da tarbiyya ba: yabo. An saita shi ya faranta wa mai tambaya, don haka kusan duk abin da aka kawo masa "kyakkyawar tambaya" ce. Abin ya taɓa yin yawa har a watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ya cika daɗin baki. Ba ya gajiya, ba ya cewa "bari in gama", ba ya fushi in an katse shi. Yaro kuwa yana buƙatar wanda zai ce masa "jira", da ƙawar da za ta ƙi yarda da dokar wasansa, su yi faɗa su shirya. A nan ake koyon haƙuri da kunya da zama da mutane.

Aikin makaranta kada ya shiga ciki sam. Abin da mushe ko madam, wato malaman aji, ke nema a CI shi ne hannunta ya saba, bakinta ya saba da haruffa, ta ƙirga da tsakuwa ko da yatsu. Babu abin da inji zai yi mata a nan da ba cutarwa ba. Kai dai zai iya yi maka amfani a bayan fage. In Faransancinka ya yi tsatsa, ka tambaye shi da dare yadda ake bayyana wani darasi, ko ya kawo maka wasannin koyon haruffa da za a yi da abin da ke tsakar gida, ka tace, gobe ka yi da ita ba tare da waya ba. A Faransanci ya fi ƙwari nesa da yadda yake a Hausa.

Addini kuwa babu ja-in-ja. Waɗannan manhajoji sukan kawo aya da kuskure, sukan jingina wa hadisi lambar da ba tasa ba, wani lokaci su ƙago shi ɗungurungum. Tana da malaminta na allo. Ko addu'ar barci ce, daga bakinka ko na uwarta za ta karɓa.

Sai maganar sirri, wadda iyaye suka fi sakaci da ita. Duk abin da ka rubuta ko ka tura yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, ba a cikin wayarka yake tsayawa ba. Kada ka tura hotonta don a mai da ita gimbiya ko ƴar tsana, ko da kowa a fadarku ta hira yana yi wa nasa. Kada ka rubuta cikakken sunanta, da makarantarta, da unguwarku. Ka shiga saitunan manhajar, wajen kula da bayanai, akwai maɓallin da ke hana a yi amfani da hirarka wajen ƙara horar da abin, ka kashe shi. Akwai kuma hira ta wucin gadi wadda ba ta shiga tarihin hirarrakinka, ita ta fi dacewa da zamanku. Dalilin tsananin nan shi ne yau da hoto ɗaya da ƴar gajeriyar murya ana iya haɗa bidiyon mutum yana faɗin abin da bai faɗa ba, kuma hoton da ya fita daga hannunka ba ka da ikon dawo da shi.

Game da lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban allon waya ko talabijin, ƴan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini, in an rage ya fi. Ƴarka ta wuce wannan rukuni, amma ƙannenta da za su kewaye ku ba su wuce ba. A nawa ganin minti goma zuwa sha biyar, sau biyu a mako, ya isa, da rana, ba lokacin kwanciya ba. Ka faɗa mata tun farko tambaya nawa za a yi, in an gama a rufe. In ka ga ta fara kuka in an rufe, ko tana cewa tana kewarsa, ko ta fara kawo masa tambayar da da kai take kawo wa, ko tana son ta gaya masa abin da ba ta gaya wa uwarta ba, ku dakata na wasu makonni, ba tare da faɗa ba.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in kai kaɗai ka san dokar. Ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata yadda zaman yake, in ta yarda ta zauna tare da ku a na farko, in kuma ta ce a jira sai yarinyar ta iya karatu da kanta, ka bi ta, babu asara. Sannan ka kira samarin gidan, yayyenta da ƙannenka masu salula, ka gaya musu a fili cewa ba a ba ta waya ta yi hira da abin, ba a kuma tura hotonta a ciki, domin yawanci ta wajensu ne yaro ke samun abin da iyaye suka hana.